Wa ya kai wa dawakan Guadeloupe cutar West Nile?

Mai_Akawal: Jama'a, Guadeloupe tsibiri ne fa a yankin Caribbean, teku ta ko'ina. Amma a 2002 gwajin jini ya nuna cutar a dawakan can. Ta ina ta bi?

Baban_Hajara: Tsuntsaye masu ƙaura ake zargi, malam. Ta ɓulla a New York a 1999, ta gangara kudu. Sauron Culex ya ciji tsuntsu, sai ya ciji doki.

Mai_Akawal: To, doki zai iya sa wa na kusa da shi cutar a barga?

Yar_Barga: A'a, ƙwayar ba ta yawa a jininsa har sauro ya ɗauka. Da yawansu ma ba alama. Wanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ne za ka ga yana tangaɗi, leɓensa na rawa. Akwai allurar rigakafin dawaki, ta mutane babu tukuna.