Wani farin zane a ganyen tumatur ɗina, meye wannan?

Mai_Lambu:
Salam jama'a. Don Allah ku taimaka, tumatur ɗin da na shuka a buhu bayan gida duk ganyen ya yi wani farin zane mai lanƙwasa kamar yaro ya yi wasa da alli, na ƙasa har sun fara bushewa. Sharon ce ko me?

Ɗan Kadawa:
Wslm. Ba sharon ba ce malam, ita sharon da ta cinye mana gonaki a 2016 tsutsar malam-buɗe-littafi ce, faci take yi mai faɗi kuma har cikin ɗan tumatur take shiga. Naka wani ɗan mitsitsin ƙuda ne baƙi da ɗigon rawaya, yana huda ganye ya saka ƙwai, tsutsar ta riƙa ci tana tafiya a tsakiyar ganyen, zanen nan hanyarta ce. Ɗaga ganyen ka duba a rana, za ka ganta a ƙarshen zanen, matse ta da yatsa kawai.

Hajiyar Zariya:
Ni dai tsinke ganyen nake in ƙona, kar ka zubar a gindin shukar don a ƙasa take rikiɗa ta koma ƙuda. Sai in daka 'ya'yan darbejiya in jiƙa su kwana, in tace in fesa da yamma.

Ɗan Kadawa:
Haka ne Hajiya. Ka rataya roba mai launin rawaya da ka shafa wa giris, ƙudan na manne mata. Amma banda yawan feshin fiya-fiya, yana kashe ƙananan zanzaron da ke cin tsutsar, abin ya ƙaru.

Mai_Lambu:
Na duba wallahi ga ta nan, 'yar rawaya. Na gode ƙwarai.