Me za mu kira stand-up da Hausa?

Jiya ƙanwata ta turo mini bidiyon wani mai ban dariya, shi kaɗai gaban jama'a da makirufo a hannu, yana tona asirin ƙaryar da samari ke shararawa a wajen zance. Na so in tura wa Baba, sai na rasa sunan da zan kira abin. Turawa na ce masa stand-up. Mu fa?

Wasan kwaikwayo dai ba shi ba ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a 2014, shigar wani yake yi, da labari da abokan fitowa. Shi kuwa wannan bakinsa ne jarinsa, in ba a yi dariya ba nan take zai gani a fuskoki. A kudu sana'ar ta daɗe da zama da gindinta, tun fitowar ɗan barkwanci Ali Baba da taron ban dariya na Nite of a Thousand Laughs da Opa Williams ya fara a 1995.

Wani ya kawo "barkwancin tsaye". A'a. Bahaushe zai tambaya ko akwai na zaune.

Sai wani dattijo malamin Hausa ya ce mini, "Ɗana, kun manta da 'yankamanci?" Allah ya gafarta Malam, ba mu manta ba. 'Yan kama su ne masu kwaikwayon karatun malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya, har wani Bature, Gidley, ya yi rubutu a kansu a 1967. Sun fi kowa kusa. Amma ɗan kama yana da salonsa da aka san shi da shi, ba ya tsayawa ya ba da labarin yadda ya gama kashe kuɗin toshi budurwa ta ce masa "ai kai yayana ne".

Ni dai na tsaya a kan barkwancin dandali. An ce dandamali ya fi, tunda a kansa ake hawa. Dandamali katako ne kawai. Dandali kuwa nan 'yan mata ke gaɗa da daddare, samari na zagaye, ana zolaya ana satar kallo. Raha kan lefe da kishiya da tuzurun da ya ƙi aure, a can ta taso.

Na tura wa Baba bidiyon da wannan suna. Ya kalla ya ce, "Wannan yaron ai ɗan kama ne."