Wai sabar Linux ba ta buƙatar antibayiros?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Jiya a Computer Village wani ya so ya ɗora wa maigidana lasisin antibayiros na saba, na ce a bar kuɗin a aljihu. Linux ce a kai, samfurin Ubuntu, fayawol ya ishe ta. Mai ja, bismillah.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙanina, wane aiki sabar take yi tukuna?

Ɗan Agege: Ajiyar fayil ce, Yaya. Ma'aikata na zuba takardu ta Samba, manhajar raba fayil, daga kwamfutocinsu na Windows.

Baban Ummi: To ka ga. Cutar ba lallai ta kama sabar ba, amma sabar za ta zama 'yar dakonta. Akanta ya jefa fayil mai ƙwaya, sakatariya ta buɗe, shi ke nan. Fayawol maigadi ne, ƙofa yake tsarewa, ba ya kwance ƙunshi. Sa antibayiros ɗin ClamAV, kyauta ne, ya riƙa duba jakar da ake rabawa cikin dare.

Maman Sadik: Yaya, ni fa na ga ɓarnar maganin da idona. Wani ofishi a Apapa, rasit ɗaya sai an tsaya ana kallon allo kamar ana jiran danfo a Oshodi. Muka zargi netwok, muka zargi janareta, har waya muka canza. Ashe antibayiros ne ke bin fayilolin rumbun bayanai na SQL Server, .mdf da .ldf, duk motsin da suka yi. Kuma kar ku manta da 19 ga Yulin 2024: sabuntawa ɗaya ta manhajar tsaro ta CrowdStrike ta kwantar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Ba ɓarawo ba ne ya yi wannan, maigadin ne.

Baban Ummi: Gaskiya ne, Hajiya, amma ba a korar maigadi don ya tsare mai gida. Gaya masa ake yi wa zai bari. Microsoft da kansu sun ce a ware waɗannan fayilolin daga bincike. Antibayiros ɗinsu Defender kuwa tun Windows Server 2016 a ciki yake zuwa, saiti kawai yake so.

Na Mile 12: Kuna ta gardamar magani kun bar ƙofa a wangale. Cutar WannaCry a Mayun 2017 ta ƙofar raba fayil, ta 445, ta bi, alhali facin ya fito tun Maris. Wanda ya yi faci ya rufe ƙofar, barcinsa ya sha. Har gobe kuma akwai masu barin ƙofa ta 3389, ta shiga kwamfuta daga nesa, a buɗe ga duniya don oga ya leƙa daga gida. Ɗan Agege, buɗe auth.log, rajistar masu ƙoƙarin shiga, sannan ka buga ufw status ka ga halin da fayawol ɗin yake.

Ɗan Agege: Innalillahi. Ana ta gwada shiga root, asusun mai cikakken iko, ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, layin ya ƙi ƙarewa. Ufw kuma wai a kashe yake.

Maman Sadik: Fayawol ɗin da ya ishe ta kenan? Haka yake zuwa a Ubuntu, sai ka kunna da hannunka.

Ɗan Agege: Har yanzu dai ban ga dalilin biyan lasisin ba.

Baban Ummi: Wa ya ce ka biya? Kai dai ka bar wa ƙofa ta 22, ta SSH, hanya kafin ka kunna, ka taƙaita Samba ga na'urorin ofis. In ka kulle kanka a waje, daga Agege zuwa ofis a daren nan kai kaɗai za ka sha gosulo.