Wata 14 da yin ritaya, har yanzu na rasa abin da zan tashi dominsa

Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Shekarata 62, na yi shekara 34 ina aikin akanta, ranar da na ajiye aiki wallahi murna na yi na ce yanzu zan huta. Wata uku na farko lafiya lau. Daga nan abin ya fara, ƙarfe biyar idona zai buɗe kamar da, in yi wanka in sa kaya sai in zauna bakin gado ina kallon bango don babu inda ake jirana. Wayar da a da ba ta hutawa yanzu sai ta wuni shiru.

Ba wai na naɗe hannu ba ne fa. Na fara tattaki da safe, jiki ya ji daɗi amma zuciya tana nan yadda take. Na gwada shuka a bayan gida, sati shida na watsar. Na koma tsohon ofis gaisuwa sau biyu, yaran sun girmama ni sosai amma na ga tsayar musu da aiki kawai nake, ban sake zuwa ba. Likita ya auna hawan jini da suga ya ce ƙalau nake. Kuɗi ba shi ne matsalar ba alhamdulillahi, 'ya'ya kuma kullum maganarsu ɗaya, Baba ka huta, to hutun ne ya ishe ni.

Waɗanda suka wuce wannan matakin, wane abu takamaimai kuka kama da ya dawo muku da jin cewa ana buƙatarku?