Turanci ya tsaya min a wuya, na kai harafin D a haddar ƙamus

Autan Inna:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗan Jega ne. Na gama sakandare komai ya fito, lissafi, bayoloji, kemistiri, fizik, Hausa ma A1 na ci. Turanci ne kaɗai ya tsaya min kamar ƙayar kifi, har sau biyu. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su wasu suna aji biyu a jami'ar Aliero, ni kuwa ina shagon Yaya ina sa wa mutane waya a caji.

Bayan faɗuwa ta biyu sai na ɗauko ƙamus ɗin marigayi Baba, Oxford babba. Ƙamus ɗin nan yana da tarihi. Lokacin ambaliyar 2020 ruwa ya shigar mana ɗaki cikin dare, Inna ta bar buhun shinkafa ta ɗauki ƙamus ɗin da Alƙur'anin Baba ta ɗora a kai ta fita da su. Sai da muka yi kwana uku muna shanya shi shafi-shafi a kan tabarma, har yanzu gefensa a kumbure yake, bangon ma da zare aka ɗinke. Ranar da ta miƙo min shi ba ta ce komai ba, ni dai na san abin da take nufi. To shi ne na yi niyyar haddace manyan kalmomin ciki tun daga farko. Kullum bayan asuba kalma 30, in rubuta a littafi da ma'anarta da Hausa, in yi ta maimaitawa a shago. Wata biyar ke nan, na cika littafi huɗu, na shiga D.

Shekaranjiya na ba ƙanwata littafin farko ta gwada ni da kalma 50, 11 na kawo. *Abdicate* da *abrogate* da *abscond* duk sun dame min kamar fura. Ga Yaya ya ce wannan ne kuɗin rajista na ƙarshe da zai biya, in na sake faɗuwa in bi motar albasa zuwa Kudu. Akwai kuma wata magana ta gida da ba zan faɗa a nan ba.

In ƙara zuwa kalma 50 ne a rana, ko akwai maganin mantuwa?

Maman Biyu:
Allah sarki, Allah ya jiƙan Baba. Amma ƙanena ba ka faɗa mana wace jarrabawa ba ce, WAEC ko NECO ko JAMB? Yaushe za a yi? Kuma me ka ci a biyun da suka wuce? D7 daban, F9 daban.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, shekara 31 na yi da alli a hannu ina koyar da Turanci, na kuma yi makin takardun jarrabawa har idona ya raunana, don haka ka saurara. Wanga aiki da kake yi ɗibar ruwa ne da kwando.

Tunda ka ce ka ci lissafi, zo mu yi lissafi. Turancin WAEC takarda uku ne. Ta farko canki-canka, tambaya 80, awa ɗaya, maki 40. Ta biyu insha'i da auna fahimta da taƙaitawa, awa biyu, maki 100. Ta uku ta furuci, tambaya 60, maki 30. Duka 170. Tambayoyin kalmomi rabin takardar farko ne, sauran rabin nahawu. Ke nan wata biyar kana farautar maki 20, ka bar 150 suna kiwo a daji.

Insha'i shi kaɗai maki 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A wannan na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, yaron da ya yi kuskure 20 a shafin farko ya yi bankwana da goman nan tun mai maki bai juya takarda ba. Kuma mun san ɗiyan da sunka haddace ƙamus, daga layin farko muke gane su. Sai yaro ya ɗauko ƙatuwar kalma ya dasa inda ba gurbinta ba, kamar an naɗa wa jaki rawani. Jan biro muke sa mata.

Tambaya ɗaya zan yi maka. Yaushe rabonka da ka zauna ka rubuta insha'i mai kalma 450 wani ya duba maka?

Autan Inna:
Anti, WAEC ce, D7 na ci duka biyun. Baba Hedimasta na gode, Allah ya ƙara girma. Amma ni a ɗakin jarrabawa na san inda na maƙale, wurin da ake cewa a zaɓi kalma mai ma'ana kusa ko kishiya. Ko ɗaya ban taɓa gani ba a cikinsu. Insha'i kam ina cika shafi biyu da rabi, ba shi ne matsalata ba.

Tsohon Hedimasta:
Cika shafi ba cin maki ba ne. Wa ya ce maka ba shi ne matsalarka ba, takardarka anka maido maka ka gani? Ba ka amsa tambayata ba.

'Yar Gusau:
Ku dai kuna da daɗi a Kebbi da har ake maganar wanda zai duba insha'i. Mu tun daga aji huɗu ba mu da tsayayyen malamin Turanci, sai ɗan bautar ƙasa, kafin mu saba da bakinsa ya gama ya tafi a kawo wani. Ana cikin haka a 2021 aka rufe makarantu, aka kashe layin waya, wanda yake ɗan koyo ta intanet ma ya zauna. Sannan a ba mu takarda ɗaya da ɗan Legas da ya tashi da Turanci tun a goye. Ni sau uku na zauna kafin in samu C6, kuma wallahi har yau ban san me na yi daban a na ukun ba.

Ɗan Kabawa:
Malam kana wahalar da kanka. Akwai makarantun da in ka yi rajista a can ba ka da damuwa, ka gane ai. Ka ƙara kuɗi kaɗan a kan wanda Yaya zai bayar, a wuce wurin. Turancin ma wa zai tambaye ka shi a kasuwa?

Maman Biyu:
Haba Ɗan Kabawa, ka ji tsoron Allah. In aka kama cibiyar jarrabawa da maguɗi ana riƙe sakamakon kowa, har wanda bai ji ba bai gani ba. Ɗiyar maƙwabciyata haka ta shekara tana jira. Kuɗin ƙarshe ne fa yaron nan ya ce.

Alaramma Mai Allo:
Ni ban yi boko mai nisa ba, amma hadda sana'ata ce. Ɗan'uwa, abin da kake yi ba hadda ba ce, ƙari ne babu tilawa. Almajirin da ke wanke allo kullum ba ya komawa baya, kafin ya kai Amma ya zubar da Sabbi. A tsangaya tilawar baya ta fi sabon karatu cin lokaci. Sannan aya tana jan aya, in ka kama bakin zaren sauran na biyowa. Kalmomin ƙamus kuwa ba dangin iya ba na baba, harafin farko kawai ya tara su layi ɗaya, shi ya sa suke dame maka. Ka rage zuwa 10. Wadda ka koya yau ka waiwaye ta gobe, ka sake bayan kwana uku, ka sake ranar da ta zagayo. Ka riƙa cin zabibi da safe, malamanmu suna yabonsa, ka rage kallon waya.

Autan Inna:
Allah ya gafarta Malam, waya ai ita ce sana'ar. Kuma in na koma 10 a rana yaushe zan kai Z? Hadda ba baƙuwata ba ce, izu 20 gare ni, da wannan hanyar na same su.

Ɗaliba a Birnin Kebbi:
Yayana ba sai ka kai Z ba. Ni abin da ya cece ni saiwar kalma ce. Yawancin manyan kalmomin Turanci aro ne daga Latin da Faransanci, musamman bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila a 1066, kamar yadda manyan kalmominmu na shari'a da karatu suka zo daga Larabci. In ka san hukunci, hakimi da mahukunta da hukuma ba za su ba ka wuya ba. Haka *bene* alheri ne, *mal* sharri, sai ga *benevolent* da *malevolent*, *benefactor* da *malefactor*, kishiyoyi a kyauta. Ukun da suka dame maka ma, *ab* ɗin farkonsu yana nuna rabuwa da abu: na farko sarki ya sauka daga gadon mulki, na biyu a soke doka, na uku mutum ya gudu ya ɓuya. Sannan in ƙamus ɗinka ba tsohon bugu ba ne sosai, duba za ka ga wasu kalmomi da ɗan hoton makulli a gefe, su ne 3000 da aka fi amfani da su. Fara da su.

Tsohon Hedimasta:
Ɗiyata kin yi ƙoƙari, amma wagga hanya tana da rami, kuma masu saita tambaya sun san ramin. Yaro ya koyi cewa *in* korewa ce, sai a aje mishi *invaluable*, ya ce abu marar daraja, alhali abu ne da darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi. *Inflammable* ya ce ba ya kamawa da wuta, ga shi rubuce jikin tankar mai. Kalma ba ta da ma'ana sai cikin jimla. *Sanction* a wata jimla izini ce, a wata takunkumi. A auna fahimta ma ana ba ka kalma a ce kawo wadda za ta zauna gurbinta cikin labarin, in an ba ka aikatau na abin da ya wuce ka kawo suna, sifili ne ko ma'anar ta yi daidai.

Wani abin kuma, akwai labarin da ake ɓoye wa kalmomi a ce ka cike, kuma daga sana'o'i ake ɗauko shi: noma, gini, banki, kotu, asibiti, kamun kifi. Kai da ka tashi bakin gulbi ka san taru da koma da fatsa, ka san sussuka da ban ruwa. Ka san *bait* da *threshing* da *irrigation*? Ko kana can kana kokawa da *abrogate*?

Ka aje ƙamus, a buɗe shi sai in an ci karo da kalma. Ka sayi tambayoyin shekaru goma da sunka wuce, ka karanta shafin ra'ayi na jaridar Turanci kullum, insha'i biyu duk mako. Ban da wannan babu wata hanya, duk wanda ya ce maka akwai bai taɓa riƙe jan biro ba.

Ɗaliba a Birnin Kebbi:
Baba da girmanka, ni dai da ita na ci B3.

Tsohon Hedimasta:
Da kin bi tawa da A1 kinka ci.

'Yar Gusau:
Jarida kullum? Nawa ake sayar da ita yanzu, kuma a ina zai gan ta? Ku malaman da kuna magana kamar har yanzu akwai laburare a kowace makaranta. Tamu an mai da ita ɗakin ajiye karyayyun kujeru.

Maman Biyu:
Ni a ganina ka yi NECO ma, ka raba ƙafa. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, Turancin kawai kake nema. D7 ai gab da C6 take, maki kaɗan ne tsakani. Ka samu Yaya cikin natsuwa, ko ka sa Inna ta yi masa magana.

Autan Inna:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Anti, Yaya ba zai biya biyu ba, ba ki san shi ba ne. Baba Hedimasta, gaskiya ban rubuta insha'i ba tun jarrabawar bara, amma ba laifina ba ne, babu mai duba min. Maganar aje ƙamus kuwa ba zan iya ba, Inna tana ganina da shi kullum da asuba, me zan ce mata? Kuma littafi huɗu ba wasa ba ne, a ce duk sun tafi a banza? Na duba makullin da ƙanwata ta Birnin Kebbi ta faɗa, babu a nawa. Zan dai riƙa tilawar A da B da daddare kamar yadda Alaramma ya ce, amma 30 ɗin tana nan. Na riga na sayi littafi na biyar.

Tsohon Hedimasta:
Rubuto insha'in ka ɗauki hotonsa ka sa nan cikin zaure, ni zan duba, ko sisi ba na so. Wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan ambaliya, kalma 450, kafin Juma'a.

Ɗan Kabawa:
A gaban mutum dubu za a yi masa jan biro? Autan Inna ka neme ni ta gefe kawai.

Autan Inna:
Baba sai dai bayan Juma'a, wannan makon Yaya ya yi tafiya ni kaɗai ne a shago. Wai don Allah *deprecate* da *depreciate* ɗaya ne?