Famfon tiyo yana rage mini awo da yamma, ku masu aiki da shi yaya kuke yi?

Mai sobolo, Aboabo

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Ina ɗura sobolo (zoɓo) da lamurji (abin sha na citta) a kwalaben roba masu mililita 350, ina kai wa masu firji a Kejetia da Asawase a nan Kumasi. Bayan ƙaramar Sallah na sayi irin famfon nan da 'yan tayoyi ke bin tiyo suna matsa shi, ruwan yana fita ta ɗaya bakin. Na zaɓe shi ne don sobolon ba ya taɓa ƙarfe ko kaɗan, cikin tiyon kawai yake bi, wanki kuma ba wuya. Damuwata awo. Da safe in na saita, kwalba tana cika har wuya. Kafin la'asar sai in ga ruwan ya tsaya a kafaɗar kwalba, alhali ban taɓa komai ba. Shekaranjiya wata mai saye ta jera mini kwalba biyu ta ce wacce ce ta gaskiya. Duk wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka mini, don Allah.

Masta mai gyaran injina, Suame Magazine

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ana kawo mini irinsu nan shago, kuma kusan kullum ƙarar iri ɗaya ce. Famfon nan bai san mililita ba. Shi dai yana tatsar tiyo ne kamar yadda ake tatsar saniya, kowane juyi ya turo abin da ya shiga tsakanin taya da taya. A ce tiyonki yana ba da mililita 2.8 a juyi ɗaya, to juyi 125 ne ke cika 350. In tiyon ya gaji ya daina komawa da'ira sosai, ya koma ba da 2.6, juyi 125 ɗin nan 325 za su ba ki. Ga mililita 25 sun tafi, allon injin kuwa yana nan yana rantse miki 350.

Sai kuma ki duba wane irin moto ke ciki. Masu arha da yawa daƙiƙa suke ƙirgawa: ka ce masa ya yi daƙiƙa 25, ya yi ya tsaya. Duk abin da ya rage wa moton gudu, ko wuta ta yi ƙasa da yamma, ko adafta ta yi zafi, ko ruwan ya yi kauri, awo ya ragu. Akwai moto mai taku, wanda muke kira sitefa, yawancinsu taku 200 ne juyi ɗaya, shi juyin yake ƙirgawa, ba ruwansa da agogo. Amma shi ma in aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa yana tsallake taku, za ki ji yana gurnani. Ki turo hoton bayan injin mu gani.

Mai sobolo, Aboabo

Masta, na gode. Daƙiƙa nake danna masa, ashe na farkon ne. Kuma gaskiya unguwarmu da yamma har fanka tana yin sanyi.

'Yar ɗakin gwaje-gwaje, Oforikrom

Yaya, a wurin aikinmu muna da irinsa mai tsada, amma ba mai yarda da lambar da ke kan allo sai sikeli ya shaida. Ki nemi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram ɗai-ɗai. Ki ɗora kwalba babu komai, ki mayar da shi sifili, ki ɗura, ki rubuta. Ki yi haka da kwalba 10 a jere, kada ki tsaya a ɗaya, don kwalba ɗaya tana iya yin daidai bisa sa'a. In duka goman sun yi ƙasa da kusan yawa ɗaya, saiti ne kawai, ki ƙara lokaci. In kuwa wannan ta yi sama waccan ta yi ƙasa, to iska ce ke shiga ta wani wuri, ko tiyon yana zamewa a mazauninsa.

Ki lura, ruwa zalla ne mililita ɗaya take kusan giram ɗaya. Sobolo mai sukari ya fi ruwa nauyi. In sukarin ya kai kashi 10 cikin 100, mililita 350 za ta auna kusan giram 364. Hanya mafi sauƙi, ki auna 350 da kofin awo mai kyau sau ɗaya, ki ɗora a sikeli, lambar da kika gani ita ce za ki riƙa bi muddin ba ki canja yawan sukari ba. Lamurji kuma ki yi masa nasa daban.

Sabon tiyo yana buƙatar ya zauna. Mu mukan bar shi ya yi ta juya ruwa na ɗan lokaci kafin mu saita, saboda a farkon aikinsa ne ya fi canjawa. Wanda ya saka sabo ya saita nan take, ba da jimawa ba zai ga awo ya gusa.

Hajiya mai sabulun ruwa, Tafo

'Yata, ni nawa ciwon kan akasin naki ne. Da safe yake cuta ta, musamman lokacin hunturu. Sabulu ya kwana ya yi kauri, tayoyin sun wuce amma bai gama shiga tiyon ba, sai tiyon ya shanye ya lafe. Da rana ta buɗe sai ya saki, awo ya haura. Da farko yaran shago suka ce a ƙara gudu. Ƙarin gudun nan shi ya ƙara lalata abin, sai kumfa. Da muka rage gudu rabi, muka gajarta tiyon da ke zuƙowa daga duro, muka sa masa mai faɗi, sai aka zauna lafiya.

Kuma ki duba inda randar sobolonki take. Ni da a ƙasa nake ajiye galan Kufuor, jarkan roban nan mai ruwan ɗorawa, famfo yana kan tebur. Galan a cike aiki lafiya, in ya kusa ƙarewa famfon yana jan abu daga nesa, awo ya ragu. Na sa kafinta ya yi mini benci, duron ya dawo daidai da famfo, kuma ba na bari ya sauka ƙasa da rabi sai mun ƙara. Ina zargin naki ma haka ne, tun da da safe randar a cike take.

Alhaji, Alabar

Ku yi haƙuri da tsoho. Mahaifiyarmu ta yi shekaru tana sayar da abin sha da ludayi da mazurari, ba a taɓa jera mata kwalba biyu ba. Ido yana ganin wuyan kwalba, hannu ya tsaya. Yanzu an sayi inji, an sayi sikelin gadin inji, gobe a sayi sitabilaiza. Ribar sobolon nawa ce?

Mai sobolo, Aboabo

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya in kwalba 30 ce. Ranar Juma'a da lokacin azumi ɗaruruwa nake yi, bayana ba ya ɗauka. Sannan ina neman rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, na buga takarda mai cewa 350 ml na manna a jiki. Abin da na rubuta shi nake so mai saye ya samu, in ba haka ba ai tauye mudu ne, ko da inji ne ya yi.

Mai turare, Kejetia

Alhaji, a kwalbar sobolo ido zai iya. A kwalbata mai mililita 6 ido ba ya iyawa, kuma ɗigo biyu a wurina kuɗi ne.

Ni abin da na koya game da girman tiyo ne. Famfona taya uku gare shi. Da tiyo mai faɗin ciki milimita 6.4, kowace taya in ta wuce tana turo kusan mililita ɗaya. To inda tayar ta tsaya a ƙarshen ɗuri shi ke yanke hukunci, wata kwalbar ta sami 5 da ɗoriya, wata ta kusa 7. Ga mai ɗura 350 wannan ba komai ba ne, ga ni kuwa asara ce a fili. Na koma siririn tiyo mai milimita 1.6, juyi ɗaya ya koma kamar kashi ɗaya cikin biyar na mililita, sai ya yi juyi wajen 30 kafin ya cika kwalba, kuskuren tsayawar ya zama ɗan mitsitsi. Lissafin shi ne in ka raba faɗin tiyo biyu, abin da yake turowa ya ragu kusan sau huɗu. Akwai kuma kawuna masu taya 6 ko 8, ruwan ya fi fita sumul, sai dai sun fi cin tiyo.

Abu na biyu, tiyon silikon bai jitu da turare da mai ba. Yana sha, ya kumbura, ya yi laushi, awo ya rikice, ƙamshin jiya kuma ya bi na yau. Tiyon Viton, wata irin roba ta musamman, ya fi jurewa, amma tsadarsa sai ka dafe ƙirji, kuma ya fi tauri, ƙaramin moto yana shan wuya da shi. Ke mai abin sha kada ki bi ni nan, ki tsaya kan silikon wanda aka yi don abinci. Tiyon da ake sayarwa na akwatin kifi ko na lebur ɗin magina ba na wannan aikin ba ne, kaurin bangonsa bai dace da matsin tayoyin ba.

Ɗigon da ke biyo baya kuma, in injinka yana da saitin komawa baya kaɗan bayan ya tsaya, ka kunna shi, yana tsotse ɗigon. Kaɗan dai. In ya yi yawa iska ce za ta fara fita a kwalba ta gaba.

Masta mai gyaran injina, Suame Magazine

Na ga hoton. Adaftar volt 12 ce ta banza, ki canja ta da mai riƙe wuta daidai, amfiya ta ɗan fi wadda aka rubuta a jikin famfon. Tiyon kuma dubi inda tayoyin ke bi, ya yi fari ya baje. Ki saki maƙallan, ki ja shi gaba ɗan taƙi don sabon wuri ya shiga ƙarƙashin tayoyin, ki sake saiti. In kin tashi aiki da dare ki buɗe murfin kan, kada tayoyin su kwana a danne da shi wuri ɗaya.

Ɗan gidan ruwan leda, Asokwa

Mu kulorin muke turawa da shi cikin tankin ruwan burtsatse, kuma ya fi mana famfo mai bawul saboda kulorin yana fitar da iska, wancan sai ya shaƙe, wannan kuwa ya tura iskar ya wuce. Mun manna takarda a bango, duk ranar da aka saka tiyo a rubuta. Ba ma jira ya fashe, don in ya fashe cikin kan famfon yake zuba, kulorin kuma ba ya barin ƙarfe.

Mai sobolo, Aboabo

Allah ya saka da alheri. Na ɗaga randar kan benci kamar yadda Hajiya ta ce, na canja adafta, na ja tiyo gaba. Yanzu ina auna kwalba biyar da safe, biyar bayan azahar, bambancin bai wuce 'yan giram ba. Lamurjin ne har yanzu yake ba ni wuya, garin citta yana kwantawa a ƙasan randa, na ƙarshe ya fi kauri.

'Yar ɗakin gwaje-gwaje, Oforikrom

Ki ɗaga bakin tiyon daga ƙasan randa kamar yatsa uku, a riƙa motsawa a hankali don kada ya kama kumfa. Sannan Yaya, da zafinsa kike ɗurawa ko sai ya huce? Ruwa mai digiri 60 in ya sauko zuwa 25 yana tsukewa, a kwalbar 350 kusan mililita 5 ne, sai ki ga wuya ya sauka alhali famfon bai yi laifi ba.

Hajiya mai sabulun ruwa, Tafo

Masta, kafin ka ɓace, moto mai takun nan nawa za a haɗa mini shi a kan nawa famfon? Kuma zai ja sabulu mai kauri da sanyin safiya, ko gurnanin nan da ka ce zai riƙa yi mini?