Asusun karatu da sunan marigayi sojan ruwa: ina takardar rajista?

Sani Agege: Jama'a, abin nan yana ci mini rai. An kafa asusun tallafin karatu da sunan shahidinmu, tsohon sojan ruwa da ya yi shekara 35 yana aiki tsakanin Apapa da Ojo a Legas, amma har yau babu rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Kuɗi na shiga asusun mutum ɗaya! Kuma hanyar a fili take: a zaɓi amintattu, a rubuta kundin tsari, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sannan a buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu. In ba haka ba, ranar da mai riƙon ya rasu, kuɗin marayu ya shiga rabon gado.

Malam Habu Idi-Araba: Malam Sani, gyara harshenka. Shahidi? A gadonsa ya rasu bayan ritaya. Allah ya jiƙansa, amma shahada ba sarauta ba ce da ake naɗawa.

Hajiya Rabi: Haba Malam, ciwon ciki ne ajalinsa, kuma hadisi ya sa mai wannan mutuwa cikin shahidai, haka wanda ya nutse a ruwa.

Malam Habu: Wannan hukuncin lahira ne, Hajiya, shi ya sa ake yi masa wanka da salla. Ba a buga shi a saman takardar asusu.

Ɗanladi Obalende: A rubuta "tsohon soja" mana. Ranar tunawa da sojoji ta 15 ga Janairu ma ana tuna waɗanda suka faɗi, ana tallafa wa rayayyu.

Usman Mile 12: Ku 'yan Idi-Araba nawa kuka zuba? 'Yan tumatir ne suka tara yawanci.

Malam Habu: Kawo rasit, Alhaji.

Sani Agege: Ku dawo kan kuɗin. Kada a taɓa uwar kuɗi. A sa ta a sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, mai biyan haya duk wata shida ba kuɗin ruwa ba, a riƙa tura kuɗin hayar kai tsaye asusun makaranta.

Usman: Sai an janye maganar rasit.

Ɗanladi, shugaban zaure: Na rufe. Mafi yawa sun yarda da ni, "tsohon soja" za a rubuta. Zancen CAC sai zama na gaba.